Shekarar da Muka Yaye Shinkafa

Ranar wata Laraba ce da hantsi, a ranin farko da aka sako ruwan dam ɗin Tiga cikin sabuwar hanyar ruwa, lokacin naira tana sabuwa ƙal har tsofaffi na juya ta a hannu suna ƙin karɓa. Muna aji muna maimaita lissafi a bayan malam sai muka ji ƙugin babbar mota ta tsaya a gindin tsamiyar bakin makaranta. Wani yaro da ke kusa da taga ya leƙa, ya daka tsalle ya ce, "Wallahi wasu irin Turawa ne gajeru, ga malfa kamar faifai!" Ko bulalar malam ba ta tsayar da mu ba, muka yi waje kamar kaji an buɗe akurki. Mutanen ƙasar Sin ne, mu a lokacin 'yan Caina muke cewa, an kawo su su koya mana noman shinkafar rani. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya cikin shuɗɗan kaya iri ɗaya, wanduna a naɗe har gwiwa. Na ƙarshensu dattijo ne siriri mai furfura a gefen kunne, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Kafin azahar mun raɗa masa Baba Mai Tabarau. Da wannan sunan na san shi, da shi kuma na rabu da shi, domin ni da na fi kowa bin bayansa ban taɓa tambayar sunansa na yanka ba. Da za a mayar mini da rana ɗaya cikin ƙuruciyata in gyara, wannan tambayar zan je in yi.

Shekarata goma sha uku a lokacin, ko kusa da haka, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Tsohon ƙauyenmu yana ƙarƙashin ruwa. Gidan da aka haife ni, da rijiyar ƙofar gida, da ɗorawar da kakana ya dasa, da gonar dawar da Babanmu ya gada, duk dam ya shanye. Aka tashe mu zuwa sabon wuri a kan tudu, aka ba kowane magidanci ɗan fili a gefen hanyar ruwa. Babanmu bai ga ko tsiron farko a nasa ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi lokacin kaka, Allah ya karɓi abinsa. Da Inna ta fita takaba, ƙanen Babanmu Baffa Sule ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta ya yi magana ta gaskiya, ba ta mugunta ba. Ya ce yaron da ke wuni a makarantar boko ba zai iya riƙe gonar ruwa ba, gara a haɗa ta da tasa, shi ya riƙa auno mana abinci. Inna ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari, sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Malam Sule, a bar wa wannan rani ɗaya. In bai sa komai a rumbu ba, ka haɗa." Baffa ya ce ya yarda, kowa a gidan kuma ya ji. Wannan ɗan filin ne kaɗai ya rage a doron ƙasa da ake cewa na Babanmu ne.

Amma kada mai karatu ya ɗauka cikin baƙin ciki muka yi ranin nan. Ban taɓa ganin shekara mai daɗinta ba. Mu da muka saba da rani a ƙone, sai ga ruwa yana gudu a bakin gari kamar jiya aka yi ruwan sama. Ana tashi daga makaranta sai mu watsar da jakunkuna, mu tuɓe, mu faɗa kanal, wato babbar hanyar ruwan nan da aka shafe da siminti, ruwa ya ɗauke mu har gindin gada, mu fito mu dawo da gudu mu sake. Muka manta da langa da ƙwallon tsumma, muka koma kamun tarwaɗa da kwando. In rana ta take sai mu laɓe a bayan rumfar 'yan Sin mu kalli yadda suke cin abinci da 'yan sanduna biyu, mu koma gida mu fere kara mu gwada da dambu, rabi a baki rabi a ƙasa, kaji na murna, Inna na bin mu da muciya.

Aikinsu kuwa ya fi cin abincinsu ban mamaki. Mu abin da muka sani, in kana da fadama ka watsa shinkafa ka bar wa Allah. Su kuwa sai da suka sa muka rene ta a ɗan wuri guda kamar tabarma, muka yanka gona fangali-fangali, muka tattake taɓo da ƙafa har ya yi laushi kamar ƙullu, sannan aka ja igiya daga wannan kunya zuwa waccan, muka jeru muna dasawa muna ja da baya. Tsofaffin da suka san dashen dauro a wajen Doguwa suka ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, igiyar ce kawai sabuwa. Baba Mai Tabarau shi aka ba ɓangarenmu. Ba ya jin Hausa, mu ba ma jin nasa, sai ta bakin wani matashin tafinta nasu da ke juya magana zuwa Turanci, malamin gona kuma ya juya mana zuwa Hausa. Amma hannun dattijon nan ya fi bakin tafinta bayani. Zai kama yatsuna ya ɗora a gindin tsiro, ya tura su cikin taɓo daidai gaɓa ɗaya, ya saki, ya yi murmushi. Da ya lura kullum daga ni sai ƙannena mata ke zuwa, babu babba a tare da mu, sai ya riƙa fara zagayensa daga gonata.

Shinkafa ta kama, ta yi 'ya'ya, ta rufe ƙasa kore shar, har mutanen Dangora da Ɗansoshiya masu zuwa kasuwa kan tsaya a kan kekunansu su yi ta kallo. Ina zuwa da sassafe kafin makaranta in duba ruwa, in dawo da yamma in cire ciyawa, na riga na fara hango rumbunmu cike. Ana nan sai tafinta ya kwanta rashin lafiya, aka tafi da shi asibiti Kano, malamin gona ya zama ba shi da abin juyawa. A cikin kwanakin ne, wata yamma, na tarar da Baba Mai Tabarau tsugune a bakin ruwan gonata yana cusa taɓo da ciyawa, ya toshe shi tsaf. Bai tsaya nan ba, ya zaga ta ƙasan gona ya fasa kunya, ruwan da ke ciki ya fara tsiyayewa. Na ruga ina ihu, na kama hannun rigarsa. Ya nuna rana, ya nuna ƙasa, ya raba tafukansa biyu kamar abu na tsagewa, ya dunƙule hannu ya girgiza. Ban gane komai ba. Haka suka bi gonakin mutane duka suna toshewa, gari ya ɗauki zafi. Wasu suka ce masu hali za a karkatar wa ruwan, wasu suka ce baƙin fushi suka yi don yara na leƙensu. Baffa Sule ya ce shi tun da aka haife shi ƙishirwa yake ganin tana kashe amfanin gona, ba zai tsaya ga ruwa na wucewa ta gabansa ya hana shukarsa sha ba. Suna juya baya ya sa fartanya ya buɗe nasa, mutane da yawa suka bi shi.

Ni ma da na buɗe a ranar, amma garin tsallake kunya da gudu na taka fasasshiyar kwalba, tafin ƙafata ya dare. Washegari kasuwar Tiga ke ci, ranar da Mai Allura take zuwa. Wata tsohuwar Baturiya ce 'yar mishan, tana da ɗan ɗakin shan magani can wajen hanyar Tudun Wada inda take duba kutare da masu ciwon ido, ranar kasuwa kuma takan zo da akwalar motarta ta baje kayanta a inuwar ɗorawa. Iyayenmu sun yarda da allurarta, ba su yarda da makarantar mutanenta ba. An sha gaya mana mu karɓi magani mu yi godiya mu taho, kada mu zauna jin labari. Hausarta ta fi ta wasu 'yan birni, sai dai a hankali take jan ta. Tana goga mini aidin ina kuka, ta ce, "Haba namiji, ɗan wannan yankan?" Na ce ba yankan nake yi wa kuka ba. Na kwashe labarin gona da Baffa da toshe ruwa na gaya mata. Ta tsaya da bandeji a hannu ta ce, "Ya fasa kunya ta ƙasa kuma?" Na ce ƙwarai. "Shinkafar ta rufe ƙasa, amma ba ta yi ciki ba tukuna?" Na ce haka ne. Sai ta fashe da dariya har tana dafa gefen mota, ta ce, "Shiga, ka kai ni wurin mutumin nan."

Ranar na fara shiga ƙaramar mota, a gaba kuma, ƙafa a naɗe da farin bandeji, yaran gari na bin mu da gudu suna kiran sunana. Ji na yi kamar in ce ta ƙara zagaya kasuwa da ni. Muka tarar da 'yan Sin a bakin kanal, manoma sun kewaye su, kowa na magana ba mai jin wani. Mai Allura ta sauko da sandarta, ta ratsa mutane, ta tsaya a gaban Baba Mai Tabarau, ta ɗan sunkuyar da kai, ta buɗe baki. Abin da ya fito ba Hausa ba ne, ba kuma Turanci ba. Yarensu ne, da hawansa da saukarsa kamar waƙa. Wani tsoho ya ce, "La'ilaha illallahu, ashe Baturiyar ma aljanu gare ta!" Fartanyar da ke hannun Baba Mai Tabarau ta suɓuce ta faɗa ruwa, bai ma sani ba. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar, ya saci kallon shugabansu, wani matashi mai ɗaurarriyar fuska da ba mu taɓa ganin haƙoransa ba. Shugaban ya yi mata tambayoyi gajeru masu kaifi, ta amsa a natse. Daga ƙarshe ya nuna gonaki da hannu, alamar a yi maganar shinkafa kawai.

Sai ta juyo gare mu ta zama tafinta. Ta ce dattijon yana cewa shinkafa in ta kai wannan girman yaye ta ake yi, kamar yaro. In aka bar ta kwance cikin ruwa, saiwarta ba za ta wahalar da kanta ta shiga ƙasa ba, za ta yi ta haihuwar 'ya'yan banza da ba za su fitar da kai ba, ta yi tsawo, karanta ya yi laushi. In aka janye ruwa aka bar rana ta bugi ƙasa har ta dare, saiwa za ta nutsa neman sha, kara ya yi ƙwari. Alamar lokacin mayar da ruwa kuwa, mutum ya taka gonar, sawunsa ya fito amma ƙafarsa ba ta nutse ba. Ta ƙara da nata, ta ce ta ga wannan da idonta shekara da shekaru, domin a ƙasarsu ta ƙarar da ƙarfinta tana koyarwa a wata makarantar mishan mai gona a bayanta, kafin mulki ya sauya a can a ce duk su fita. Baffa Sule ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, gaya masa yaron da aka yaye ana ba shi kunu. Ita wannan me za a ba ta, rana?" Aka kwashe da dariya, aka watse, kowa da abin da ke ransa.

Ni ban tafi ba saboda ƙafa. Ina zaune a kan kunya ina jiran ta mayar da ni. Shugaban ya yi gaba da sauran don duba ƙofar ruwa. Baba Mai Tabarau ya shiga kanal ya lalubo fartanyarsa, ya fito, ya waiga hagu da dama. Sai na ga ya haɗa ƙafafu, ya miƙe tsaye, ya cire malfa, ya yi mata gaisuwar nan ta Turanci da muke yi wa malaminmu kowace safiya in ya shigo aji, kalma da kalma, har da jan muryar ƙarshe. Mutumin da muka yi watanni muna ganin yana jiran tafinta, ashe yana jin Turanci! Mai Allura ta amsa masa yadda malami ke amsawa, har da cewa ya zauna, su biyun suka yi dariya ƙasa-ƙasa, idanunsu cike da ƙwalla. A mota ta gaya mini ba ita ta koyar da shi ba, garuruwansu ma da nisa, amma irin makarantar ɗaya ce, kuma a gonar bayan irin wannan makaranta aka fara koya masa zaɓen iri. Ta ce, "Yayen shinkafa kuwa ba mu muka koya musu ba, mu muka koya a wurin kakanninsu." Sannan ta dube ni ta ce abin da na gani a bakin kunya in bar shi a bakin kunya. Na bar shi, ko Inna ban gaya wa ba sai bayan sun tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Zafin bazara ya sauko. Gonakin da aka buɗe wa ruwa suka yi kore har da baƙi-baƙi, suna ta tsawo, tawa kuwa ta tsaya cak, ganyen ya miƙe kamar tsinke ya fara rawaya. Ƙasa ta soma darewa, kwaɗi suka ƙaura gonar Baffa. A makaranta yara suka sa mini suna Mai Yaye, in na wuce sai su riƙa kukan jarirai. Mata suka riƙa shigowa gida suna ce wa Inna ta tsawata mini, marayu ba sa wasa da abinci. Baffa da kansa ya zo wata yamma ya ce, "Yaya, ni ba gonar nake kwaɗayi ba. Ki ce ya buɗe ruwan nan, ko rabi a samu." Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Bayan ya fita ta sa na maimaita mata abin da Baturiya ta faɗa, tiryan-tiryan. Ta ce, "Duk na yaye ku, babu kuma wanda bai yi kuka ba har na ji kamar in mayar da shi. Wadda na tausaya wa na mayar, ita ta fi ba ni wahala." Ta kaɗa rariya ta ce, "Bar ta." Duk da haka sau da yawa nakan tsaya a bakin toshiyar nan da fartanya a hannu, ruwa na wucewa yana ƙara a bayan taɓon da bai fi tafin hannu kauri ba. Sara ɗaya ya isa. Abin da ke riƙe hannuna shi ne in na tuna dattijon nan tsaye ƙiƙam da malfa a hannu. Sai in ce a raina mutumin da ya yarda na ga sirrinsa ba zai kashe mini gona ba.

Wata safiya da babu makaranta ya zo. Ya tuɓe takalmin robarsa, ya taka gonar, ya ɗaga ƙafa ya duba sawu. Ya yafito ni, na taka kusa da nasa da ƙafar da ta warke. Sawu biyu, babba da ƙarami, ba wanda ya nutse. Ya tumɓuke gindi ɗaya ya wanke a kanal ya nuna mini saiwar, fara tas, doguwa, cunkus kamar gemun tsoho. Sannan ya miƙo mini fartanyarsa ya nuna toshiyar. Na sara. Ruwa ya shigo yana rige-rige, yana faɗawa cikin tsagogi yana cuu kamar an zuba shi a kan kasko mai zafi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi, ƙwari na ta gudu. Ni da ƙannena muka bi shi daga fangali zuwa fangali muna ihu muna tsalle, dattijo na tafa mana. Ba a jima ba gonar ta juye kore, ta yi ciki, ta fitar da kai gaba ɗaya kamar an daidaita ta da almakashi. Muka shiga korar tsuntsaye, muka ɗaura gwangwanaye a igiya, muna ja muna waƙa tun fitowar rana. Amma har a lokacin ta Baffa ta fi tawa tsawo da kusan kamu, masu wucewa kuma ita suke nunawa.

Saura kaɗan a sa lauje, hadarin farko na damina ya haɗo daga gabas da la'asar, baƙi ƙirin, da iskar da ta kwashe rufin ajinmu ta kai shi bayan masallaci. Gari na wayewa na ruga gona, ko ido ban wanke ba. Tun daga nesa na hango gonaki a kwance shame-shame kamar shanu sun yi birgima a kai, zangarniya cikin taɓo. Na ƙara gudu. A tsakiyar wannan kwanciyar gonar Babanmu tana tsaye, ta ɗan karkata kamar mai ruku'u amma ba ta taɓa ƙasa ba, haka ma 'yan gonakin da masu su suka daure suka bar toshiyarsu. Na zauna a kan kunya na yi kuka na yi dariya. Baffa Sule ya iso, ya daɗe yana kallon tasa. Ya shigo tawa, ya kama kara ɗaya ya lanƙwasa ya saki, karan ya miƙe. Ya koma ya tumɓuke gindi ɗaya daga tasa, saiwar gajera, baƙa, mai wari. Ya jefar, ya goge hannu a riga, ya ce, "Mai Yaye, gonar ubanka ce, riƙe abinka. Amma zo ka taya ni ɗaga wannan kafin ta tsira a kwance." Muka wuni muna ɗagawa muna ɗaurewa, muka ceci abin da ya cetu. Ranar da aka zuba tamu a rumbu, Inna ta dafa ta da mai da yaji, ta aika da akushi ɗaya gidan Baffa, ta ce in kai ɗaya rumfar 'yan Sin. Baba Mai Tabarau ya ajiye sandunansa ya ci da hannu, irin namu.

Ba su daɗe ba bayan haka aka mayar da su wani wuri. Ranar da motarsu ta tashi ina can bakin dam ina kamun kifi da abokai. Na dawo na tarar da rumfa wayam, da fartanyarsa jingine a bakin ruwan gonata. Mai Allura ma tsufa ya ci ƙarfinta, mutanenta suka zo suka tafi da ita ƙasarsu. Ita ma sunan da muka raɗa mata kaɗai na sani. Na sha kai mata ƙwan zabi ranar kasuwa, amma ban taɓa cewa ta ba ni labarin abin da ta baro a can ba, domin an ce kada mu zauna jin labari, ni kuma iyo ya fi ɗaukar hankalina. Karatuna ya tsaya a firamare, gona ta riƙe ni.

Yau jikana Abba yana karatun injiniya a ƙasar Sin. Da ya zo hutu na ba shi labarin nan a bakin wannan gona, sai ya warware mini abin da na gani ban gane ba. Ya ce 'yan mishan na ƙasashen Turawa sun daɗe a can suna buɗe makarantu da asibitoci har da manyan kwalejoji, kuma da yawa daga waɗanda suka zama likitoci da malaman gona ta nan suka bi. Amma sun shigo ne a zamanin da ƙasashensu suka danne ƙasar da jiragen yaƙi, don haka da aka yi juyin mulki sabuwar gwamnati ta karɓe makarantun, baƙin suka fita. Daga baya kuma aka yi wasu shekaru masu zafi, da in aka san ka yi karatu a hannun baƙi ana iya wulaƙanta ka a bainar jama'a, a raba ka da aikinka. A daidai wannan zamanin dattijon ya zo mana. Sai a ranar na san nauyin gaisuwar da ya yi a bakin kunya, da abin da ya sa ya waiga hagu da dama. Abba ya ce, "Kaka, faɗa mini sunansa da garinsu, in nemi 'ya'yansa in kai musu shinkafar nan." Na ce ban sani ba. Ya kama baki ya ce, "Haba tsoho! Tun kafin a haifi Babana kake cin shinkafar mutum, ba ka san sunansa ba?" Ni da ban taɓa barin jika ya kayar da ni a wasa ba, ranar ya kayar da ni.

Yanzu 'yan Sin ba abin kallo ba ne. Wayar da ke aljihuna tasu ce, injin ban-ruwa nasu ne, babur ɗin da ke kai ni kasuwa nasu ne, babu yaron da zai bar aji don ya ga sun sauko daga mota. Kanal ya tsufa, siminti ya farfashe, yara sun fi son kallon waya a kan iyo. Gonar kuwa tana nan, ba a haɗa ta da ta kowa ba, kuma duk rani in shinkafa ta rufe ƙasa nakan tsuguna da kaina in toshe bakin ruwa da wata tsohuwar fartanya da aka sha sake wa ƙota amma ƙarfen na nan. In matasa suka tambaye ni wa ya koya mini, sai in ce wani mai tabarau, ta bakin wata mai allura, iyakar abin da nake da shi ke nan. Ina roƙon mai karanta wannan, in baƙo ya tsuguna a gonarka ya koya maka abin da zai ciyar da kai, kada ka yi irin tawa. Kafin motarsa ta tashi, ka tambaye shi sunansa.